Wa ke biyan ɗan sandan da ke sintiri a tafki da cikin ƙanƙara? Yadda abin yake a Wiskonsin da Mishigan

A arewacin Amurka, inda jihohin Wiskonsin da Mishigan suke gefen manyan tafkunan nan biyar da ake kira Great Lakes, akwai aikin ɗan sanda da motar sintiri ba ta iya yi. Lokacin zafi jama'a na cika tafkuna da kwale-kwale masu inji, wasu kamun kifi, wasu yawon shaƙatawa kawai. Hunturu na shigowa ruwan ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe daji, sai a fito da baburan ƙanƙara. Abin hawa ne mai silifa biyu a gaba da bel mai haƙora a baya, kuma wasunsu na gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu kuwa, babura masu ƙafa huɗu da ƙananan motocin daji ne ke tayar da ƙura a turbobin cikin kurmi.

Harkar ba ƙarama ba ce. Wiskonsin na da tafkuna kusan 15,000 da turbobin baburan ƙanƙara da tsawonsu ya kai kilomita 40,000. Kwale-kwalen da ke da rajista a jihar sun haura 600,000, baburan ƙanƙara sun haura 200,000. A nan ne ma, a ƙauyen Sayner, wani mutum mai suna Carl Eliason ya haɗa ɗaya daga cikin baburan ƙanƙara na farko a 1924. Mishigan na da ƙananan tafkuna sama da 11,000, ga gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 5,000 a kan huɗu daga cikin manyan tafkunan. Duk inda inji da gudu da barasa suka haɗu, dole a samu mai cewa a tsaya. To wa zai tsaya ɗin, kuma daga aljihun wa?

Mai karatu a Najeriya ya saba da rundunar 'yan sanda guda ɗaya da ke karɓar umarni da albashi daga Abuja. Can ba haka tsarin yake ba. Kowace ɗaya daga cikin jihohin biyu an raba ta gunduma-gunduma, Wiskonsin na da 72, Mishigan na da 83, kuma kowace gunduma na zaɓen shugaban 'yan sandanta da ake kira sherif. Kuɗin ofishinsa daga majalisar gunduma yake fitowa, akasari daga harajin gidaje da filaye. Ita jiha tana da Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, wadda kowa ke kira DNR, mai nata jami'an tsaron daji da ruwa masu ikon kama mutum. Sai dai ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a faɗin jiha. Ko kwana suke yi a kan ruwa ba za su zagaya tafki dubu goma sha biyar ba.

Ɗauki gundumar Vilas a arewacin Wiskonsin. Mazaunanta kusan 23,000 ne, tafkunanta sun fi 1,300. A cikinta garin Eagle River yake, wanda ke kiran kansa babban birnin baburan ƙanƙara na duniya. Ƙarshen mako na zuwa, baƙi daga biranen Chicago da Milwaukee su yi mata tsinke. Gaskiya ne wasunsu na da gidajen hutu a bakin ruwa suna biyan haraji a nan, amma da yawa zuwa suke su yi kwana biyu su wuce. Ko ka ɗauki Keweenaw a can ƙuryar Mishigan, mai mutane kusan 2,000 kacal, inda dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara kan wuce mita biyar. Idan aka ce sherif ɗin irin wannan wuri ya sayi jirgi da baburan ƙanƙara, ya horar da ma'aikata, ya biya su kuɗin ƙarin lokaci daga harajin mutanensa, an ɗora wa 'yan tsiraru nauyin nishaɗin jiha guda. Majalisar gunduma kuma, idan ta auna tsakanin gyaran kurkuku da sintirin tafki, kowa ya san wanda za ta zaɓa.

Mafitar da jihohin suka samo ita ce: mai hawa shi zai biya, jiha ta tara, gunduma ta yi aikin, a mayar mata da wani kaso na abin da ta kashe.

Daga ina kuɗin ke fitowa

Tushen farko rajista ce. Duk kwale-kwale mai inji sai an yi masa rajista an manna masa lamba da sitika a gefe, ana sabuntawa bayan shekara uku. A Mishigan doka ta raba kuɗin kashi uku, kuma kusan rabinsa, kashi 49 cikin ɗari, yana shiga asusun kiyaye lafiyar masu amfani da ruwa. Daga nan ake ba sherif-sherif tallafi. Sauran na tafiya ga tashoshin jirage da wuraren sauke kwale-kwale. Babur ɗin ƙanƙara ma akwai rajistarsa, sannan akwai takardar izinin hawa turba da ake saye duk shekara. Wiskonsin ta wajabta wa mazaunanta wannan takarda tun 2015, a lokacin ta sa mata dala 30, amma ta yanka wa ɗan ƙungiyar masu baburan ƙanƙara dala 10, baƙo daga wata jiha kuma dala 50. Dalilin rangwamen a fili yake: 'yan ƙungiyoyin nan ne ke sare rassa, su kafa alamomi, su daddale turba da daddare, a matsayin aikin sa-kai.

Tushe na biyu harajin man fetur ne, kuma dabarar da ke ciki ta burge ni. An ƙirƙiri harajin ne don gyaran titi. Mai kwale-kwale ya sayi mai ya biya harajin, alhali jirginsa bai taɓa taka kwalta ba. Ba zai yiwu a bi kowane galan a ga inda ya ƙone ba, don haka aka yi ƙiyasi aka rubuta shi cikin doka. Wiskonsin ta ɗauka cewa kowane babur ɗin ƙanƙara mai rajista na shan galan 50 a shekara. A ninka da harajin galan, senti 30.9, a samu dala 15 da 'yan kai, sannan a ƙara wani kaso saboda baƙin da ke shigowa da nasu. Babur mai ƙafa huɗu an ƙiyasta masa galan 25. Mishigan ta bi hanya mafi sauƙi, ta ware kashi 2 cikin ɗari na harajin fetur gaba ɗaya, kashi 80 na wannan ya tafi harkar ruwa, 14 ga turbobin ƙanƙara, 6 ga sauran ayyukan shaƙatawa.

Amma kada a ruɗe. Mafi yawan kuɗin man nan na gini da gyara ne: turba, gada, wurin ɗaure jirgi. Sintiri ya fi dogara da kuɗin rajista da takardun izini. Ko a cikin su ɗin ma, rabon gunduma na iya zama ɗan cikin cokali. Asusun motocin daji na Mishigan misali ne. Doka ta ce aƙalla rabi na turbobi ne, kusan kashi 31 na tabbatar da bin doka, kuma daga wannan kashi 31 ɗin ne ake ba sherif-sherif kashi 24. In ka lissafa, a kowace dala ɗari da ta shiga asusun, kusan dala bakwai da rabi ce ke isa gundumomi. Ragowar kuɗin sintirin na jami'an DNR ne.

Tushe na uku gwamnatin tarayya ce, kuma ruwa kaɗai ya shafa. Bayan dokar kiyaye lafiyar jiragen ruwa ta 1971, da gyaran da aka yi a 1984 mai ɗauke da sunayen 'yan majalisa Wallop da Breaux, harajin man kwale-kwale da na kayan kamun kifi na shiga wani asusu na musamman. Rundunar tsaron gaɓar teku ce ke raba wa jihohi nasu kason: kashi ɗaya cikin uku daidai wa daida, kashi ɗaya gwargwadon yawan jirage masu rajista, kashi ɗaya gwargwadon abin da jihar ta kashe daga aljihunta. Tarayya ba ta biyan fiye da rabin kuɗin shirin jiha. Ma'ana, jihar da ta yi rowa a bana, rabonta na gaba zai ragu.

Ka kashe tukuna, sannan a biya ka

A nan gizo ke saƙar. Ba a ba gunduma kuɗi a hannu ta je ta yi aiki. Ita za ta fara kashewa, ta tara takardu, ta kai lissafi.

Dokar Wiskonsin kan sintirin ruwa ta fayyace komai. Gunduma, ko birni, ko ƙauyen da ya kafa rundunar sintiri, zai miƙa bayanin abin da ya kashe a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Janairu. DNR ta bincika takardun, ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe kai tsaye kan aikin, har da lissafin tsufan jirgi da inji. Babu wanda zai kwashi fiye da kashi 20 na kuɗin da ke asusun, don kada babban birni ya cinye rabon kowa. Sintirin baburan ƙanƙara da na masu ƙafa huɗu na gundumomi ne, kuma a takarda ana iya mayar musu da duka abin da suka kashe. A Mishigan kuɗin jiha na ɗaukar har kashi uku cikin huɗu na sintirin ruwa, gunduma ta cike gurbin.

A aikace ga yadda rana take. Asabar ce a watan Yuli, mataimakin sherif da abokin aikinsa na cikin jirgi mai fitila shuɗiya. Sun hango wani kwale-kwale ya taso da gudu kusa da inda yara ke iyo, sun tsayar da shi. Mataimakin zai duba lambar rajista, ya ƙirga mutanen da ke ciki, ya ce a nuna masa rigar ceto ta kowa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa a ƙarƙashin kujera ake zaro su, wasu ma ba a cire su daga ledar kanti ba. Zai nemi tukunyar kashe gobara. Yana magana yana kallon idon direba, yana lura da gwangwanayen da ke birgima a ƙasan jirgi, domin iyakar barasa a jini ga mai tuƙa jirgi daidai take da ta mai tuƙa mota, kashi 0.08 cikin ɗari. Da ya gama, sai ya ɗauko fom ya rubuta lokacin da ya fita, tafkin da ya shiga, awa nawa ya yi, gargaɗi nawa ya bayar, takardar tara nawa ya yanka. Wannan fom ɗin shi ne kuɗi. Awar da ba a rubuta ba, jiha ba ta san da ita ba.

Wani zai ce ai shi ke nan, an buɗe ƙofar tatsar jama'a, kowane ɗan sanda zai dinga yanka tara don cika asusun ofishinsa. An toshe wannan ta hanyoyi biyu. Na farko, a Wiskonsin ana cire tarar da ƙaramar hukuma ta samu ƙarƙashin dokokinta na ruwa daga lissafin kafin a biya ta. Na biyu ya girmi duk wannan tsarin. Kundin tsarin mulkin Wiskonsin ya ce tarar karya dokar jiha ta tafi asusun makarantun gwamnati, na Mishigan kuma ya ce ta tafi ɗakunan karatu na jama'a. Wanda aka ci tararsa don ya yi tuƙi a buge a tafkin Mishigan, littattafai ya saya wa 'yan unguwa. A ganina wannan na cikin abubuwa mafi hikima a tsarin baki ɗaya, domin wanda ke riƙe da alƙalamin tara ba shi da rabo a cikinta.

Matsalar tana cikin jimla guda da ke biye a dokar Wiskonsin: idan buƙatun da aka kawo suka fi kuɗin da ke akwai, a rage wa kowa gwargwado. Kashi 75 da kashi 100 da ake ambata rufi ne, ba alkawari ba ne. Majalisar jiha ce ke yanke adadin da za a fitar a kasafin shekara biyu-biyu, kuma adadin kan daɗe bai motsa ba. A shekarun 2010, abin da Wiskonsin ke warewa sintirin ruwa na ƙananan hukumomi kusan dala miliyan 1.4 ne a shekara, na baburan ƙanƙara kuma bai kai dala 400,000 ba. Raba wannan na biyun gida 72 ka gani: dala 5,500 ga kowace gunduma, kuɗin da ba zai sayi rabin sabon babur ɗin ƙanƙara ba. Ba duka gundumomi ke nema ba, na kudu ba su da dusar kirki, amma ko an rage su, kason bai taka kara ya karya ba.

Sakamakon haka shi ne sherif ba ya sanin nawa zai samu sai bayan ya gama kashewa, kuma abin da zai samu ya danganta da yawan abin da maƙwabtansa suka nema. Idan kowa ya ƙara himma a shekara guda, kason kowa ya ragu. Gunduma mai ƙarfi za ta iya jure wannan caca. Ƙarama kuwa, mai 'yan sanda goma sha wani abu da ke fama da kiran gaggawa dare da rana, sai ta taƙaita fita zuwa ranakun biki, ko ta ɗauki ma'aikatan wucin gadi na lokacin zafi. Tsarin da aka kafa don rage wa ƙananan gundumomi nauyi ya zama su ne ke fara ɗaukar nauyin, suna jiran a mayar musu da kuɗinsu.

Abin mamaki, masu hawan ba su ne ke adawa da sintirin ba. Ƙungiyoyinsu kan shiga gaba wajen neman a ƙara shi, kuma akwai dalili. Kaso mai yawa na turbobin ƙanƙara a Wiskonsin ta cikin gonaki da dazukan mutane suka ratsa, bisa izinin da mai fili ke bayarwa don raɗin kansa. Mutum ɗaya ya kauce daga turba ya tattake shukar da ke ƙarƙashin dusa, ko ya yi ta ƙarar inji a bayan taga da ƙarfe biyun dare, gobe manomi ya rufe ƙofa. Yanki ɗaya ya rufe, turbar kilomita hamsin ta tsinke gida biyu. Ga kuma al'adar yawo daga mashaya zuwa mashaya a kan babur da daddare, wadda ta sa gudu da barasa da duhu ke maimaituwa a rahoton mace-mace duk hunturu. Wiskonsin ta ƙayyade gudun dare a mil 55 a awa. Maƙwabciyarta Minnesota ta tsaurara doka a 2018, bayan wani mai babur ɗin ƙanƙara da ke buge ya kashe yaro ɗan shekara takwas a kan daskararren tafki, ta yadda laifin tuƙi a buge a kan abin hawa ɗaya zai shafi izinin tuƙa sauran. Duk waɗannan dokoki sai an samu wanda ya tsaya a mahaɗar turba cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili da digiri ashirin kafin su yi aiki.

Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu? A ɓangaren ruwa alƙaluman ƙasa baki ɗaya na nuna ci gaba. A 1973 mutum 1,754 ne suka mutu a haɗurran jiragen shaƙatawa a Amurka. A 2023 sun kasance 564, duk da cewa jiragen sun ƙaru sosai, sun haura miliyan 11. Ba zan jingina wannan ga sintiri kaɗai ba, domin an inganta ƙirar jirage, an kuma wajabta darussan tuƙi ga matasa a jihohi da dama. Amma abin da rahoton rundunar tsaron gaɓar teku ke nanatawa duk shekara shi ne kusan uku cikin huɗu na mamatan nutsewa suka yi, fiye da kashi 80 na waɗanda suka nutse ba su sa rigar ceto ba, kuma barasa ce kan gaba cikin sanannun dalilai. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da mataimakin sherif ke dubawa idan ya tsayar da jirgi.

Ƙarfin tsarin yana wuri guda: kowane kuɗi an san tushensa, an san inda doka ta ce ya je. Mutanen Mishigan sun ƙara masa kwaɗo a 2006, lokacin da kusan kashi 80 na masu zaɓe suka amince a shigar da waɗannan asusu cikin kundin tsarin mulki, don kada gwamna ko majalisa su yashe su idan kasafi ya yi giɓi. Ba banza suka yi hakan ba, a shekarun da suka gabata an taɓa ɗibar kuɗi daga asusun ruwa don cike ramin kasafin jiha.

Rauninsa ma daga nan ya fito. Asusun da aka killace ba ya samun komai sai abin da masu hawa suka zuba, kuma farashin da suke biya 'yan majalisa ne ke ƙayyade shi, waɗanda ba sa son a ce sun ƙara haraji. Harajin fetur na Wiskonsin yana nan a senti 30.9 tun 2006, na tarayya a senti 18.4 tun 1993, kuɗin rajistar kwale-kwale a Mishigan ma ya shafe shekaru aru-aru a farashin farkon shekarun 1990. Albashin ɗan sanda da kuɗin inji kuwa ba su jira kowa ba. Sannan ga yanayi. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumi irin wanda ba a saba gani ba, a gundumomi da dama na Wiskonsin turbobi ba su buɗe ko na yini ɗaya ba. Wanda bai ga dusa ba ba zai sayi takardar izini ba. A ɓangare guda kuma motocin daji masu kujeru biyu zuwa huɗu sai ƙaruwa suke, garuruwa da yawa sun buɗe musu titunan cikin gari, aikin ya ƙaru a wajen da kason gunduma ya fi ƙanƙanta.

Giɓi mafi girma shi ne na waɗanda ba sa cikin lissafin kwata-kwata. Ƙananan kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili, irin su kayak, sun yaɗu ƙwarai domin ba su da tsada, kuma a jihohin biyu wanda ya mallaki nasa ba ya yi masa rajista, ba ya sayen mai. Amma idan iska ta kwashe shi zuwa tsakiyar tafkin Huron, jirgin sherif ɗin da masu inji suka biya ne zai fita nemansa, kuma masu ninƙayar ofishin sherif ne za su shiga ruwa idan abin ya zo da ƙarar kwana. A 2018 hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Mishigan ta ba da shawarar a sa musu rajistar da ba ta wuce dala 10 a shekara ba. Jama'a suka yi ca, 'yan majalisa suka fito suka nesanta kansu da batun tun kafin ya zama ƙudiri, shawarar ta sha ƙasa. Har yanzu kayak ɗin mutum na kansa ba ya buƙatar rajista a jihar, kuma idan aka yi kiran gaggawa daga tafki, ofishin sherif ne ke ɗagawa.